Yadda Na Tace Fim Ɗaya a Kan Taimlayin da Yawa

Aikin da aka ba ni shi ne tace wani shirin bidiyo mai tsawon kusan minti 40 a kan ginin wata gada, sannan in fitar da gajeren sigarsa na minti 3 da za a haska a wurin taro, da kuma wasu 'yan guntaye na tsaye waɗanda za a kalla a wayar hannu. Kayan da aka miƙo mini sun haɗa da hirarraki da injiniyoyi da ma'aikata, kowace hira an ɗauke ta da kyamara biyu, da hotunan wurin aiki, da waɗanda jirgi maras matuƙi ya ɗauko daga sama, da sautin da aka naɗa daban da na'urarsa. Na yi aikin ne da manhajar DaVinci Resolve ta kamfanin Blackmagic Design, amma mafi yawan abin da zan faɗa yana nan a Premiere Pro da Final Cut Pro da Media Composer, sai dai kowace manhaja da sunan da ta laƙaba wa abin da kuma wurin da ta ajiye maɓallinsa.

Taimlayin shi ne filin da mai tacewa yake jera guntayen hoto da sauti bisa tsarin da za su bayyana ga mai kallo, daga hagu zuwa dama, layin hoto a sama, layin sauti a ƙasa. Abin da ya sa ake iya tara shi da yawa a cikin aiki ɗaya shi ne, ba ya ɗauke da bidiyo ko kaɗan. Umarni kawai yake ɗauke da shi, wato a ɗauko fayil kaza daga daƙiƙa kaza zuwa daƙiƙa kaza, a ajiye shi a wuri kaza. Ainihin fayilolin suna nan a faifan ajiya, ba a taɓa su. Saboda haka kwafe taimlayin sau goma ba ya cinye wani wuri na a zo a gani, kuma yanke guntu a cikinsa ba ya rage komai daga abin da kyamara ta ɗauka. Wannan sauƙin ne yake jan mutum ya riƙa buɗe sabo duk lokacin da wani tunani ya zo masa, kuma da na duba yawan abin da ake so in fitar, na san wahalar aikin za ta kasance wajen sanin wane taimlayin ne yake jin gyaran da aka yi wa wani, wane ne kuma ba ya ji.

Kafin in ɗora guntu ko ɗaya sai da na tsayar da saitin aikin. An ɗauki hirarrakin da girman 3840 da 2160, wato yawan ɗigon hoto a faɗi da tsayi, firem 25, wato hotuna 25 a jere, a kowace daƙiƙa, fim ɗin kuwa za a miƙa shi ne da girman 1920 da 1080, don haka na sa babban saiti a kan wannan girman da firem 25. Girman hoto ana iya canza shi daga baya, amma yawan firem a Resolve yana kullewa da zarar an shigo da kaya cikin aikin, kuma ko a manhajar da take yarda a canza shi, canjin yana gusar da wuraren yanka. Hotunan sama an ɗauke su da firem 50, wanda ya yi mini daɗi, domin idan aka kunna su a kan 25 suna tafiya da rabin saurinsu ba tare da ɓarɓarwa ba. Akwai wasu 'yan guntaye da aka ɗauka da waya a kan firem 30, su kuma na bar manhajar ta daidaita su, tunda ba su da magana a ciki kuma ba za su daɗe a allo ba.

Rukunin farko na taimlayin da na buɗe na haɗa sauti da hoto ne. Kowace hira na haɗa kyamarorinta biyu da sautin na'ura suka zama guntu ɗaya mai kusurwa biyu, wanda shi ma a haƙiƙa ƙaramin taimlayin ne da manhajar ta naɗe, ana iya buɗe shi a ga layukan da ke ciki. Manhajar ta daidaita su ta hanyar kwatanta zanen igiyar sauti, ni kuma na duba farkon kowace hira da ƙarshenta don in tabbatar baki da murya ba su rabu ba. Daga nan ban sake shiga cikinsu ba sai a wuri ɗaya da na ga sauti ya ɗan riga hoto.

Rukuni na biyu shi ne inda na fi daɗewa. Kowane mutumin da aka yi hira da shi na ba shi taimlayin nasa, na shimfiɗa hirarsa gaba ɗaya a layin hoto na farko, na zauna na saurara daga farko har ƙarshe da maɓallan J da K da L, waɗanda suke mayar da hoto baya, su tsayar, su tura gaba. Duk maganar da na ga za ta yi amfani sai in yanke ta gaba da baya, in ɗaga ta zuwa layi na biyu. Wadda kuma na tabbatar fim ɗin ba zai yiwu ba sai da ita, in ɗaga ta zuwa na uku. Ban goge komai ba. Amfanin wannan tsari shi ne, idan na ja baya na kalli taimlayin gaba ɗaya, ina ganin hirar awa guda a kallo ɗaya, na san inda mai magana ya yi zafi da inda ya yi ta kewaye-kewaye, kuma abin da ya faɗa kafin maganar da na zaɓa da abin da ya faɗa bayanta suna nan kusa. Wannan yana da muhimmanci a shirin da ya ƙunshi maganar mutane, domin jimlar da aka ciro ita kaɗai tana iya ba da ma'anar da mai ita bai nufa ba, kuma hanyar kauce wa hakan ita ce a riƙa ganin mahallinta. Na kuma yi amfani da alamomi masu launi, kowane launi da batunsa: ɗaya na harsashin gada, ɗaya na matsalar ruwa, ɗaya na tsaron ma'aikata. Hotunan wurin aiki su ma na tara zaɓaɓɓunsu a taimlayin dabam-dabam bisa batu, ba bisa ranar da aka ɗauke su ba, tunda lokacin tacewa abin da nake nema shi ne hoton zuba kankare, ba hoton ranar kaza ba.

Da na zo gina fim ɗin sai na kunna tsarin da yake ɗora taimlayin biyu a allo ɗaya, wani a saman wani. Resolve ta samu wannan tun daga sigarta ta 15 a shekarar 2018, masu Premiere kuwa sun daɗe suna yin haka ta hanyar jawo tagar taimlayin ɗaya su ajiye a saman ɗayar. Na sa zaɓaɓɓun maganganu a sama, fim ɗin da nake ginawa a ƙasa, ina jawo guntu daga sama in ajiye a ƙasa. Jawowar kwafewa take yi, na sama yana nan a wurinsa. Hanya ce mai sauri ƙwarai, amma tana buƙatar ido a kan abu ɗaya: a kowane lokaci taimlayin ɗaya ne kawai yake karɓar umarnin madannai, kuma idan wanda ke sama ne yake kunne alhali mutum yana zaton na ƙasa ne, maɓallin gogewa zai yi ɓarna a inda ba a nufa ba, ba kuma lallai a lura nan take ba. Don haka na mayar da shi ɗabi'a in taɓa cikin na ƙasa kafin kowane yanka. Haka kuma liƙa abin da aka kwafo yana bin layukan da aka kunna wa zaɓi a gefen hagu, shi ya sa sauti yakan faɗa kan layin kiɗa ya danne abin da ke wurin idan ba a duba ba.

Akwai hanya ta biyu da na fi so idan ina neman daidaito. Ana iya ɗora taimlayin gaba ɗaya a tagar duba kaya kamar dai fayil ne, a sa alamar shiga da I, ta fita da O, sannan a danna F9 don cusa shi tsakanin guntaye ko F10 don ya hau kan abin da ke wurin. A nan ne tambayar da ta mamaye sauran aikin ta fara bayyana, domin manhajar tana iya kawo abin ta fuska biyu: ko ta kawo shi a ƙunshe, guntu ɗaya da yake nuni zuwa ga wancan taimlayin, ko ta warware shi ta kawo ainihin guntayen da ke ciki. A Resolve akwai zaɓi a jerin umarnin tacewa da yake sa a warware, a Premiere kuma ɗan maɓalli ne a kusurwar hagu ta sama a tagar taimlayin. A wannan matakin warwararru nake so, saboda ina buƙatar in iya jan bakin kowane guntu in ƙara masa daƙiƙa ɗaya daga ainihin fayil.

Fim ɗin kansa ban gina shi a taimlayin ɗaya ba. Na raba shi kashi huɗu bisa yadda labarin ya karkasu, kowane kashi kusan minti 10. Wannan ba sabon abu ba ne a sana'ar. Tun zamanin fim na leda mai faɗin milimita 35 ake raba dogon fim zuwa naɗi-naɗi, kowane naɗi mai ƙafa 2000 yana ɗaukar kusan minti 22 a kan firem 24, kuma har yanzu masu tace dogayen finafinai suna rarraba aikinsu haka duk da babu sauran leda a hannunsu. Dalilina na yau da kullum ne: gajeren taimlayin ya fi sauƙin motsi a kwamfuta, cire daƙiƙa biyar a farkon kashi na biyu ba ya tura duk abin da ke kashi na uku da na huɗu, kuma ina iya aika wa darakta kashi ɗaya ya duba ina aikin wani. Na sa agogon kashi na farko ya fara daga 01:00:00:00, na biyu daga 02:00:00:00, haka har na huɗu, ta yadda idan darakta ya rubuto cewa a gyara abu a 03:04:12 na san kashin da yake nufi ba tare da na tambaya ba.

Sannan na buɗe babban taimlayin na ɗora kashi huɗun a jere, a ƙunshe wannan karon. Ƙunshi kamar taga yake: abin da ke bayansa kake gani, idan aka canza abin, abin da kake gani ma ya canza. Duk gyaran da na yi a kashi na biyu yana bayyana a babban taimlayin nan take. Sai dai tsawon ƙunshin ba ya bin gyaran da kansa. Idan kashi ya ƙaru da daƙiƙa 20, ƙunshinsa yana nan a tsohon tsawonsa, ƙarshen ya yanke har sai na ja bakinsa da hannu. Idan kuma ya ragu, baƙin fili yake bari a wutsiya. Saboda haka kafin in fitar da cikakken fim don kallo, sai na bi mahaɗa ukun nan ɗaya bayan ɗaya. Mahaɗar ma da gangan na zaɓe su a wuraren da hoto da sauti suke yankewa tare, domin maganar da ta fara kafin hotonta ya bayyana, ko kiɗan da ya ƙetara daga wani kashi zuwa wani, ba su da wurin zama a cikin kashi ɗaya. Kiɗan da ya zama dole ya ƙetara na ɗora shi a babban taimlayin, a ƙarƙashin ƙunshin biyu.

Batun adana tsoffin sigogi shi ne wurin da wannan tsari yake da tarko. Al'adar masu tacewa ita ce kafin babban canji a kwafe taimlayin, a ajiye tsohon, a ci gaba da sabon. Na yi haka da kowane kashi, ina sa masa suna da lambar siga da kwanan wata, shekara a farko, sai wata, sai rana, don su jeru da kansu, tsoffin kuma ina tura su wata folda da ba na buɗewa sai da dalili. Amma kwafe babban taimlayin ba ya adana komai, domin kwafin yana nuni ne zuwa ga kashin nan huɗu da ake ci gaba da gyarawa. Idan aka buɗe shi bayan mako guda, sabon fim za a gani a cikin tsohon suna. Final Cut Pro tana da umarni na musamman da yake kwafe aiki ya daskarar da ƙunshin da ke cikinsa, ni kuwa da hannu na yi: duk lokacin da na aika wa darakta cikakken fim, sai in kwafe babban taimlayin, in warware ƙunshinsa a wurin, in ajiye shi da sunan ranar, tare da ƙaramin fayil ɗin bidiyon da na aika. Akwai kuma ɗayan ɓangaren tarkon. Idan na kwafe kashi na biyu na ci gaba da aiki a sabon kwafin, babban taimlayin yana nan yana kallon tsohon. Maganin da na samu shi ne in juya al'adar: kwafin ne yake tafiya ma'ajiya, ni kuma in ci gaba da aiki a kan na asali, wanda ƙunshin ya sani. Amfanin ma'ajiyar ya fito lokacin da darakta ya ce yana son a dawo da yadda aka buɗe kashi na uku a da. Na ɗora tsohuwar sigar a sama, ta yanzu a ƙasa, na yi amfani da kayan kwatanta taimlayin biyu da Resolve take da shi don in ga inda suka bambanta, na jawo minti ɗayan da ake so.

Bayan darakta ya amince da tsarin fim ɗin, na warware babban taimlayin gaba ɗaya, ya zama shi ne kaɗai abin dogaro, kashi huɗun kuma suka koma ma'ajiya. Dole ne a yi haka, domin shafin gyaran launi yana ganin ƙunshi a matsayin guntu ɗaya, ni kuwa ina so in gyara kowane hoto shi kaɗai, kuma mai haɗa sauti yana buƙatar fayil ɗin AAF, wato fayil na miƙa aiki ga wata manhaja, da yake ɗauke da kowace murya da kowane kiɗa a layinsa, ba dunƙulallen sauti ba.

Gajeren sigar minti 3 kwafi ce zalla, da guntaye na jawo daga babban fim na sake musu tsari, saboda abin da ake so a taro ya bambanta: ana buɗewa da gadar da aka gama, a koma baya a taƙaice. Kasancewarta kwafi yana nufin gyaran da aka yi wa fim ba zai iso ta ba, don haka na ware abubuwan da na san za su iya canzawa na ba su hanyar tafiya. Rubutun sunaye da muƙamai da yake bayyana a ƙasan allo na yi wa kowane mutum ɗan ƙaramin taimlayin nasa, na ɗora shi a ƙunshe a fim da kuma gajeren sigar. Da aka aiko cewa muƙamin ɗaya daga cikin injiniyoyin ya canza, wuri ɗaya na gyara. Launi ma haka. Resolve tana da gyaran launi iri biyu, wanda yake manne da guntu a taimlayin ɗaya kaɗai, da wanda yake manne da ainihin fayil yana bin sa duk inda aka yi amfani da shi. Hirarraki na ba su iri na biyu tunda hasken ɗakin bai canza ba daga farko zuwa ƙarshe, hotunan waje kuwa na bar su a iri na farko, domin fayil ɗaya yana iya farawa da rana ya ƙare da gajimare. A ganina wannan zaɓin ya fi kyau a yi shi kafin a fara taɓa launi, ba bayan an yi nisa ba.

Guntayen waya su ne suka buƙaci saitinsu na kansu. Wajen buɗe kowane ɗaya na cire alamar bin saitin aiki, na sa girman 1080 da 1920, firem kuma na bar shi a 25. A nan ne girman da aka ɗauki hirarrakin ya biya. Hoto mai tsayin 1080 idan za a cika allon tsaye da shi sai an faɗaɗa shi kusan ninki 1.78, faɗin da zai rage daga cikin 1920 kuma bai wuce 608 ba, alhali mai tsayin 2160 rage shi ma ake yi, ana yanko faɗin 1215 daga cikin 3840, kaifinsa yana nan. Shi ya sa na jawo ainihin guntaye maimakon in ɗora fim ɗin a ƙunshe, don kowane guntu ya ɗauko daga cikakken girman fayil ɗinsa, in kuma iya gusar da shi hagu ko dama har fuskar mai magana ta zo tsakiya. Hotunan gadar daga nesa yawancinsu ba su shiga ba, tunda abu ne mai faɗi, sai na maye gurbinsu da na ginshiƙai da na ma'aikata a kusa. Rubutun sunaye na sake yin wasu daban, masu manyan haruffa, na ɗaga su daga ƙasan allo inda maɓallan manhajojin waya suke rufewa, wanda yake nufin su ba sa jin gyaran da aka yi wa na fim, sai na rubuta hakan a takardar da nake lissafa wane abu ne yake manne da wane.

Wajen fitarwa na bi taimlayin ɗaya bayan ɗaya ina saka kowane a jerin jira da saitinsa, ina duba abu biyu kafin in saka: cewa an zaɓi taimlayin gaba ɗaya, ba tsakanin wasu tsoffin alamomin shiga da fita da suka rage ba, da kuma cewa girman fitarwa ya yi daidai da na taimlayin, musamman na tsaye. Na bar kwamfuta ta sarrafa su a jere, sannan na kalli kowane fayil daga farko har ƙarshe a wajen manhajar, na tsaye kuma a kan waya. Daga ƙarshe na tara taimlayin da aka miƙa a folda ɗaya, na kulle layukansu, na fitar da kundin aikin zuwa faifai na biyu tare da kwafin ainihin fayiloli da takardar nan ta lissafi, domin an riga an sanar da ni cewa za a nemi sigar minti 10 idan an buɗe gadar.